Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Editocin Labaran Hausa: Ku Tuna Da Takardun Yuraniyam Na Nijar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, editoci da shugabannin ɗakunan labarai na gidajen rediyo da talabijin da jaridu da shafukan intanet masu aiki da harshen Hausa, na gida da na ƙetare. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku fatan alheri.

Ni mai sauraronku ne tun ina saurayi, tun zamanin da sai an miƙe eriya an karkata akwatin rediyo kafin murya ta fito sosai. Da ku na san duniya, kuma ban manta wannan alherin ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sa'ad da wata babbar ƙasa ta fara kaɗa gangar yaƙi, sai in ji kalmomin da shugabanninta suka zaɓa suna fitowa daga bakunanku da Hausa mai daɗin ji, an wanke su tas, babu wanda ya tsayar da su a ƙofa ya tambaye su daga inda suka fito. Manomi a Jibiya da mai shayi a Damagaram ba su karanta jaridun Washington. Abin da kuka faɗa musu shi ne labari, kuma in kun faɗa, ya zauna.

Ina so in tuna muku da wani yaƙi, na Iraƙi a 2003, da aka yi da sunanmu a cikin hujjojinsa, mu da ba mu sani ba.

A daren 28 ga Janairu 2003 Shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokokin Amurka yana jawabinsa na shekara. A ciki ya faɗi wata jimla guda, kalmomi goma sha shida da Turanci, wadda ma'anarta ita ce gwamnatin Birtaniya ta samu labarin cewa kwanan nan Saddam Hussein ya nemi yuraniyam mai yawa daga Afirka. Bai ambaci ƙasar ba, amma tun a watan Disamba 2002 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta riga ta kira sunan a wata takarda da ta fitar: Nijar. Maganar da ake yaɗawa ita ce wai gwamnatin Yamai ta ƙulla ciniki za ta sayar wa Bagadaza tan 500 na garin yuraniyam, wanda in an tace shi ake haɗa bom ɗin nukiliya.

Hujjar wasu takardu ne da suka ɓullo a Italiya. Wani ɗan ƙasar mai dillancin bayanan asiri ya kai wa wata 'yar jarida ta mujallar Panorama, ita kuma ta miƙa su ga ofishin jakadancin Amurka da ke birnin Rum a watan Oktoba 2002. Suna ɗauke da tambarin gwamnatin Nijar da sa hannun manya. Ɗaya daga cikinsu wasiƙa ce mai kwanan wata 10 ga Oktoba 2000, da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje. To, Allele Habibou ya bar wannan kujera tun 1989. A shekarar 2000 Nassirou Sabo ne minista. Wata wasiƙar kuma an jingina ta ga Shugaba Tandja Mamadou da sa hannun da ba nasa ba. Da takardun suka isa hannun Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, jami'anta ba su sha wata wahala ba, binciken intanet na 'yan sa'o'i ya ishe su. Ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun na jabu ne. Bayan kwana goma sha uku, ranar 20 ga Maris, bama-bamai suka fara sauka a Bagadaza.

Ku dubi wannan da kyau, ranku ya daɗe. Kuskuren da ya tona asirin takardar, kowane tsohon ma'aikacin gwamnati a Yamai zai gane shi tun kafin ya ƙarasa karanta layin ƙarshe. Duk wanda ya san Arlit, garin haƙar yuraniyam a arewacin Nijar, kuma ya san cewa ma'adinan Somaïr da Cominak suna hannun kamfanin Faransa na Cogema ne a lokacin, komai a lissafe yake, kuma tan 500 ba buhun gero ba ne da za a ɗora wa jaki a tsallaka iyaka da dare. Ayarin manyan motoci ne da za su ratsa ƙasa tun daga arewa har tashar ruwa ta Kwatano. Ilimin da zai rushe wannan ƙarya yana nan a gidanmu, a bakin mutanen da ke jin Hausa. Mu ne muka fi kowa kusa da gaskiyar, amma duniya ba ta ji ta daga wajenmu ba.

Abin da ya fi ciwo, su ma Amurkawan sun bincika sun ji. A Fabrairu 2002, kusan shekara guda kafin jawabin Bush, hukumar leƙen asirinsu ta CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, mutumin da ya taɓa aiki a can tun shekarun 1970. Ya yi kwana takwas yana shan shayi da jami'an gwamnati da na harkar ma'adinai, ya koma ya ce da wuya irin wannan ciniki ya auku. Duk da haka jimlar ta shiga jawabin shugaban ƙasa. Da Wilson ya gaji da shiru, ya rubuta abin da ya sani a jaridar New York Times ranar 6 ga Yuli 2003. Cikin 'yan kwanaki fadar White House ta amsa cewa bai kamata jimlar ta shiga ba, shugaban CIA George Tenet ya ɗauki laifin. Ranar 14 ga watan kuma aka fallasa a jarida cewa matar Wilson, Valerie Plame, jami'ar asiri ce, aikinta ya lalace. Birtaniya ta ci gaba da cewa tana da wasu majiyoyin dabam. Amma tawagar da Amurka da kanta ta kafa ta bincike Iraƙi bayan mamaya, a rahotonta na 2004, ta ce ba ta ga shaidar cewa Iraƙi ta nemi yuraniyam daga waje ba bayan 1991, kuma ba ta samu tarin makaman ƙare dangin da aka yi yaƙin dominsu ba.

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi 'ya'ya. Ƙungiyar Iraq Body Count, wadda ba ta ƙirga kowa sai wanda aka samu rubutacciyar shaidar mutuwarsa, ta lissafa fararen hula sama da 180,000. Sojan Amurka kusan 4,500 suka mutu, na Birtaniya 179. Daga cikin tarkacen ƙasar ne ƙungiyar IS ta taso, har ta kama Mosul a 2014, daga baya kuma sunanta ya iso gaɓar Tafkin Chadi.

Kada wani ya ɗauka ina wanke Saddam ne. Mutumin da ya zuba wa Kurdawan Halabja iskar guba a 1988, ya mamaye Kuwait a 1990, ba ya bukatar mai kare shi, kuma ni ba zan zama ba. Sai dai nan ne dabarar take. An fi samun sauƙin yi wa azzalumi ƙarya, don kowa zai ce biri ya yi kama da mutum. Wanda ya nemi hujja sai a ce yana goyon bayan mugu, sai ya ji kunya ya yi shiru. Ɗan jarida kuwa aikinsa ne ya nemi hujja ko da a kan Fir'auna ake magana.

Abin da ya fi damuna a labarin nan shi ne yadda jaridu suka zama injin wanke magana. Ranar Lahadi 8 ga Satumba 2002 New York Times ta buga a shafin farko cewa Iraƙi na sayen wasu bututun alminiyam don tace yuraniyam. Majiyarta jami'an gwamnati ne da ba a faɗi sunayensu ba. Da safiyar wannan ranar mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya shiga talabijin yana kafa hujja da abin da jaridar ta buga. Ku lura da zagayen: gwamnati ta raɗa wa jarida a kunne, jarida ta buga, gwamnati ta ɗaga jaridar ta ce ga shaida. A ranar ce kuma Condoleezza Rice, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta ce ba sa so su tsaya jiran hujja har hujjar ta zo musu da siffar hayaƙin bom ɗin nukiliya. Magana ce da aka ƙera don ta kashe tambaya, domin duk wanda ya ce a dakata ya zama mai wasa da rayukan mutane. Alhali ƙwararrun ma'aikatar makamashi ta Amurka sun riga sun ce bututun sun fi dacewa da rokoki na yau da kullum. Jaridar ta nemi afuwar masu karatu ranar 26 ga Mayu 2004, a wani shafi na ciki, bayan an yi fiye da shekara ana binne mutane.

A Landan ma haka. Ranar 24 ga Satumba 2002 gwamnatin Tony Blair ta fitar da kundin da ya ce Iraƙi na iya harba makamai masu guba cikin minti 45. Jaridu suka mayar da shi kanun labari mai firgitarwa, kamar gobe za a kashe 'yan Birtaniya, ba a bayyana wa jama'a cewa ƙananan makaman fagen daga ake nufi ba. Masanin makamai David Kelly, wanda ya nuna wa ɗan jarida shakkunsa a asirce, an tsinci gawarsa a Yuli 2003 bayan an tona sunansa. Sai a 2016 rahoton kwamitin Chilcot, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa don binciken yaƙin, ya fito ya ce an gabatar da barazanar Iraƙi da tabbacin da ba a da shi, kuma an tafi yaƙi tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba. Shi kuwa sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell, wanda ya ɗaga 'yar kwalba a Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairu 2003 ya nuna zanen motocin da wai ake haɗa ƙwayoyin cuta a cikinsu, babban madogararsa wani ɗan gudun hijira ne a Jamus, wanda ya fito a 2011 ya faɗa wa jaridar Guardian da bakinsa cewa ƙirƙira ya yi.

Akwai kuma wadda ba a ma faɗa ƙarara ba, sai dai a yi ta jera sunan Saddam kusa da harin 11 ga Satumba 2001 a jawabi bayan jawabi. Har a Satumba 2003 wani jin ra'ayi na Washington Post ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na Amurkawa suna ganin da yiwuwar yana da hannu a harin. Babu ɗan Iraƙi ko ɗaya a cikin maharan goma sha tara. Maimaici ne kawai ya yi wannan aikin, kuma ku kun fi ni sanin ƙarfin maimaici, tunda labari ɗaya kuke karantawa da safe da rana da dare.

Ba kowa ne ya faɗa ramin ba, kuma wannan ne ya sa nake da ƙwarin gwiwar rubuto muku. Wasu 'yan jarida biyu na kamfanin Knight Ridder, Jonathan Landay da Warren Strobel, sun yi ta buga cewa hujjojin ba su da ƙwari tun kafin yaƙin. Ba su fi sauran kuɗi ko suna ba. Abin da suka yi shi ne sun bar manyan da ke saman bene, suka nemi ƙananan ma'aikatan da ke karanta rahotannin da idonsu. Wannan hanya a buɗe take ga wakilinku na Agadas ko na Maiduguri.

Salon ba a yaƙin 2003 ya fara ba. A Oktoba 1990 wata yarinya 'yar shekara 15 da aka kira Nayirah ta yi kuka gaban 'yan majalisar Amurka, ta ce ta ga sojan Iraƙi suna fitar da jarirai daga kwalaben raino a asibitin Kuwait suna barinsu su mutu a ƙasa. Aka yi ta nanata labarin har aka shiga yaƙi. A 1992 aka gano 'yar jakadan Kuwait a Washington ce, kuma kamfanin tallata suna na Hill & Knowlton ne ya shirya fitowarta. Bai kuma tsaya a Iraƙi ba. A Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 1973 don kare fararen hula a Libiya, Najeriya na cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Kare fararen hula ya rikiɗe ya zama kifar da gwamnati. An baza labarin cewa Gaddafi na raba wa sojansa maganin ƙarfin maza don su yi fyaɗe, masu binciken Amnesty suka je ba su samu shaida ba. An baza labarin sojan haya baƙaƙen fata, aka riƙa kama leburori 'yan ci-rani ana dukansu, cikinsu har da 'ya'yanmu da suka tafi neman abinci. A 2016 kwamitin harkokin waje na majalisar Birtaniya ya ce an zuzuta barazanar. Makaman rumbunan Libiya kuwa kun san inda suka gangaro, tun daga arewacin Mali a 2012.

Kada kuma a ce halin Turawan yamma ne kaɗai. Rasha ta shiga Yukren a Fabrairu 2022 ta kira abin da take yi aikin soja na musamman, ta kafa dokar ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da ta kira labarin ƙarya a kan sojanta. Duk mai shirin aika 'ya'yan mutane su kashe 'ya'yan wasu yana fara gyara kalmomi ne. Na faɗi haka ne domin na lura wasu daga cikin matasanmu, saboda haushin abin da aka yi a Iraƙi da Libiya, sun koma haɗiye duk abin da ya fito daga ɗaya ɓangaren ba tare da tauna ba. Cutar ɗaya ce.

Nan ne nauyin ya dawo kanku, domin ku masu fassara ne, kuma fassara hukunci ce. Amurka ta raɗa wa mamayar 2003 suna mai nufin 'yantar da Iraƙi. In edita ya rubuta "dakarun da suka je 'yantar da Iraƙi", ya riga ya yanke shari'ar kafin mai sauraro ya ji ƙarar. Suna da wata kalma ta soja da suke kiran mutuwar fararen hula da ita, mai nufin ɓarnar da ta faɗo a gefe. A Fabrairu 1991 bom ya faɗa maɓoyar Amiriyya a Bagadaza ya kashe mutum sama da 400, yawancinsu mata da yara. Hausa ba ta da wata kalmar rufa-rufa ga wannan, kuma ina roƙonku kada ku ƙirƙiro mata. Ku ce an kashe mata da yara, ku faɗi adadinsu, ku faɗi wanda ya jefa bom ɗin. Haka nan akwai tazara mai nisa tsakanin "Iraƙi na da makaman ƙare dangi" da "Amurka ta ce Iraƙi na da makaman ƙare dangi, masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sun ce ba su gani ba". Na san lokacin labarai gajere ne. Amma wannan "in ji" ɗin da ake yankewa don a rage daƙiƙa biyu, shi ne amanar da ke wuyanku.

Yawancinku kun yi karatun allo kafin na boko, kun san aya ta shida a Suratul Hujurat, inda aka umarce mu da mu bincika labari idan fasiƙi ya zo da shi, don kada mu cuci wasu mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Ba a ce sai in mai kawo labarin talaka ne ba. Mai kwat da tuta a bayansa ma yana cikin hukuncin, musamman in an taɓa kama shi.

Na san uzurinku, kuma ba na raina shi. Ba ku da wakili a kowace ƙasa, labaran waje daga manyan kamfanonin dillanci suke zuwa muku, wasunku kuma albashinsu daga baitulmalin ƙasashen da ke yaƙin yake fitowa. Ba na ce ku zama abokan gabar kowa ba. Amma mun ga a Agusta 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar tura soja Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, yadda zance ya yi zafi a kowane ɓangare, hotunan da ba a san asalinsu ba suka cika wayoyin mutane, kowa na cewa an ce. A waɗannan makonni, mutanen da ke da 'yan'uwa a tsallaken iyaka ta Jibiya da Illela da Maigatari kunnensu na kanku, kuma abin da suka fi bukata shi ne wanda zai rarrabe musu abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Ranar irin wannan za ta sake zuwa, ko a kusa ko a nesa.

In ta zo, ga abin da nake roƙo. Idan aka ce majiya ta asiri, ku gaya mana cewa ta asiri ce, kuma babu wanda ya ga hujjar sai mai son yaƙin. Ku ba mai shakka lokaci daidai da na mai tabbaci, tun kafin harsashi na farko, domin bayansa ba ta da amfani. In magana ta shafi ƙasarmu, kamar yadda ta shafi Nijar a 2003, kada ku jira Landan ko Paris su gaya muku abin da ke faruwa a Arlit, ku ɗaga waya ku kira wanda ke can. In kuma daga baya ta bayyana cewa abin da kuka karanta mana ba gaskiya ba ne, ku dawo ku faɗa a cikin shirin da kuka faɗe shi, a lokacin da kuka faɗe shi, da muryar da ta karanta shi. Har yau ina haɗuwa da dattawa a majalisa waɗanda suka yi imani cewa Nijar ta taɓa sayar wa Saddam yuraniyam, domin sun ji zargin sau da yawa, ƙaryatawar kuwa ba ta iso kunnensu ba. Ina roƙon ko ɗaya daga cikinku ya ware rabin sa'a ya ba su labarin takardun nan daga farko har ƙarshe, da sunan ministan da aka saka wa hannu shekara goma sha ɗaya bayan ya bar ofis.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare alƙalumanku da harsunanku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai sauraro daga Katsina